Kawu Darakta da Gasar Haruffa

A layinmu akwai wani mai ɗaukar hoto da kowa ke kira Darakta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma daina amsa wa duk wanda ya kira shi da wani. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin na mai aski da na mai walda, kuma aikinsa bai wuce hoton fasfo ba: ka zauna a kujera, ya ja farin labule a bayanka, ya ce ka ɗaga haɓa, ya danna. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse manyan 'yan fim ne ke layi a ƙofarsa yana ce musu su dawo gobe.

Wata rana yana zaune ana yi masa aski, talabijin ɗin da ke rataye a bango ya nuno wani fim na ƙasar waje, irin wanda ake bin mutane da kyamara ana ɗaukar rayuwarsu ta gaskiya. Yara ne a jere a kan dandamali, kowa da lamba a ƙirji. A ba yaro kalma, shi kuma ya faɗi haruffanta ɗaya bayan ɗaya, iyaye na zaune a ƙasa suna cizon yatsa. Turancin fim ɗin gudu yake yi, injin aski kuma yana ta ƙugi a kunnen Darakta, don haka da ido kawai ya kalla. Abin da ya gani shi ne, wani lokaci in yaro ya gama, alƙaliya takan danna wata 'yar ƙararrawa, sai yaron ya sauko uwarsa ta rungume shi, ana ta hawaye.

"Ka gani ko," in ji Darakta. "Wannan ya ci. Dubi uwar tana kukan murna."

Mai aski ya tsayar da inji ya leƙa. "Ni kuwa kukan nan bai yi mini kama da na murna ba."

"Kai dai yi askinka. Fim harkarmu ce."

Daga ranar bai ƙara barin wayarsa ta huta ba. Ya kalli na gaskiya, ya kalli na wasan kwaikwayo, ya fito da fahimtarsa: duk yaron da ya ci gasa, a bayansa akwai wani mai horarwa mai tabarau da ɗaurarriyar fuska, kuma gidansu yaron dole ya zama abin tausayi. Abin da ya rage masa kawai shi ne yaro.

Sai ga yaro ya faɗo masa har gida. Auta, 'yar yayarsa, malamarsu ta zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar haruffan Hausa da za a yi tsakanin makarantu a babban ɗakin taro. Yarinya ce mai shiru da saurin dariya, kuma tun tana ƙarama in ta ga rubutu a jikin mota ko kwali sai ta karanta shi.

Darakta ya isa gidan sanye da kwat a cikin zafin nan, da tabarau marar gilashi, irin wanda yake ara wa masu ɗaukar hoto. Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce, ya same ta tana goge farar rigar aikinta.

"Yaya, daga yau ki cire hannunki. Yarinyar nan ta shigo hannun ƙwararru."

"Waɗanne ƙwararrun?"

"Ni."

"Kai da aka yi ta fama da kai kafin ka bar aji uku?"

"Malamin ajin ne ba ya son ci gabana, kowa ya sani."

"Malamarta tana koya mata, ya isa."

"Malama karatu take koyarwa. Ni nasara nake koyarwa. Kuma fim zan yi a kai, duniya ta gani."

Yaya ta ajiye dutsen guga. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya, ita kuma aiki ba ya barin ta ta zauna da yarinyar da rana. Ta ce, "Ka riƙa yi mata tambayoyi daga littafinta, shi ke nan. Kada ka taɓa mini komai a gida."

"Ko tsinke," in ji shi.

Washegari tana fita aiki ya kira mai walda. Suka cicciɓi firij suka kai ƙofar gida. Suka fito da talabijin, da kujeru, da fanka, da kafet. Da falon ya zama fili, Darakta ya ja labule, ya kunna kyandir da rana tsaka, ya zaunar da Auta a ƙasa da littafi a cinya.

"Yi fuskar wadda ba ta ci abinci ba."

"Kawu, yanzu na ci."

"Manta da shi. Ki kalli kyamara ki ce, burina in ci gasar nan in fitar da mahaifiyata daga wahala."

"Wace wahala?"

"Ita ma za ta gani a fim."

Auta ta fara, dariya ta ƙwace mata. Ta sake, ta sake ƙwace mata. Suna can suna fama, a waje labari ya kama hanya. Maƙwabciya ta ga kaya ta ce mai gidan haya ne ya ba su notis su tashi. Kafin maganar ta kai tsakiyar layi ta zama gobara. Tana kaiwa ƙarshen layi an ce motar maigidan ce ta faɗi, ana sayar da kaya a je a gano shi. Mata suka yafa mayafi suka taho jaje. Wani dillalin tsofaffin kaya ya tura kurarsa ya iso, ya buɗe firij, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ɗauki ruwan sanyi ya sha don ya tabbatar yana aiki.

Yaya ta dawo ta tarar da wata tsohuwa zaune a kan kujerarta a titi tana sharɓar kuka, dillali kuma yana ɗora fanka a kura.

"Malam, ina za ka kai wannan?"

"Baiwar Allah, in fankar kike so kin makara, na riga ki. Amma kafet ɗin yana nan, sai dai ya ɗan sha jiki."

Ta ƙwace fankarta ta shiga ciki da ita a hannu, ta tarar da 'yarta a ƙasa cikin duhu da kyandir.

"Yauwa, Yaya, daidai kika shigo," in ji Darakta, idonsa a kyamara. "Tsaya nan bakin ƙofa. Ajiye fankar, ba ku da ita. Ki ɗan share hawaye."

Abin da ya biyo baya kyamara ba ta ɗauka ba, don ita aka fara jefawa kan katifa. Mai walda kuwa tun da ya hango farar riga daga nesa ya tuna yana da aikin gaggawa. Darakta shi kaɗai ya mayar da firij, yana turawa yana nishi, matan jaje suna zaune suna nuna masa inda zai bi.

"Fim ɗin gaskiya haka yake," ya gaya wa mai aski da yamma, yana dafe da ƙugu. "Sai an sha wuya."

Aka mayar da horo shagonsa. Nan ya ga ba abin da zai yiwu sai da ƙararrawa. Ya leƙa waje ya ga mai askirim ya jingine kekensa ya shiga aski, sai ya ciro ƙararrawar da ke rataye a kan keken, ya zaunar da Auta a kujerar hoto.

"Duk wadda kika faɗa daidai zan kaɗa miki, ki saba da ƙarar nasara."

"Kawu, Malama ta ce ƙararrawa ta wanda ya..."

"Malama ta kalli fim ɗin?"

"Ban sani ba."

"To. Ɓangare."

Ta faɗa daidai, ya kaɗa. Ƙudundune, ya kaɗa. Tsattsafi, ya kaɗa. Yarinyar ba ta kuskure, ƙararrawa ba ta hutawa. Duk yaron da ke unguwar kuwa ya san wannan ƙarar tun kafin ya san sunansa. Suka fito ta kowane lungu, wasu ba takalmi, wani da cokali a hannu, suka cika shagon maƙil suna miƙa hannu.

"Ba askirim nake sayarwa ba, ilimi nake bayarwa," in ji Darakta.

"To ba mu mai ruwan hoda," in ji wani ɗan ƙarami.

Mai askirim ya fito a guje da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa a aske, yana neman ɓarawon ƙararrawa. Da ya ga taron sai fushinsa ya tafi. Nan take ya buɗe akwati, kafin mai aski ya biyo shi ya sayar da komai. Ya kama hannun Darakta yana girgizawa, ya ce gobe ma ya ɗauka, ba sai ya tambaya ba.

Yaran kuwa a cikin shagon suka sha, kuma da farin labulen hoto suka goge hannu. Har mako ya zagayo duk wanda ya ɗauki fasfo a wurin Darakta sai ya fito da 'yan yatsu masu ruwan hoda a bayan kansa. Wani mai neman aiki ya dawo da nasa ya ce a ofis sun tambaye shi ko ƙaho ne.

"Salo ne," in ji Darakta. "Ba su waye ba."

Ranar gasa ɗakin taro ya cika. Kujerun roba a jere, fankoki na juyawa a sama, yara a kan dandamali da lambobinsu. A gefe ga teburin alƙalai, a tsakiyarsu wata dattijuwa mai tabarau na gaske, da 'yar ƙararrawa a gabanta. Yaya ta zauna kusa da Malama. Darakta ya zauna a gaba da kyamara, ya ajiye mai aski da mai walda a baya riƙe da wani naɗaɗɗen ƙyalle mai sanduna biyu da ya rubuta da hannunsa, ya ce kada su buɗe sai ya ɗaga hula.

Aka kira yaro na farko, aka ba shi kalmar ƙwanƙwasa. Ya fara da K marar ƙugiya. Alƙaliya ta danna ƙararrawa.

Darakta ya miƙe yana tafi shi kaɗai. Yaron ya sauko yana goge ido ya nufi wani ƙaton mutum da kujerar roba ke nishi a ƙarƙashinsa. Darakta ya riga yaron isa, ya kama hannun mutumin da hannu biyu.

"Barka, barka. Tun da na ga yaron nan na san shi zai fara samu."

"Samun me?" in ji mutumin a hankali.

"Ƙararrawa mana. Abin gado ne. Daga ganinka, kai ya biyo."

Mutumin ya fara miƙewa, kujerar ta taso tare da shi. Kafin ya ɓamɓare ta mai aski ya zo ya ja Darakta ta kwat ya mayar da shi wurinsa.

"Wasu ba su iya karɓar yabo ba," in ji Darakta.

Aka zo kan Auta, aka ba ta ɗanɗano. Ta haɗa hannu a baya ta faɗa tiryan-tiryan, kowace ƙugiya a inda take. Alƙaliya ta gyaɗa kai ta ce, "Daidai." Auta ta juya za ta koma layi.

"Dakata," in ji Darakta, ya miƙe. "Hajiya, kin ce daidai?"

"Na ce."

"To ina ƙararrawarta?"

"Wace ƙararrawa?"

"Wancan yaron da ko rabin ƙoƙarinta bai yi ba kin kaɗa masa. Mu da ba mu san kowa ba sai a hana mu? Ina ɗauka fa, duniya za ta gani."

Kafin kowa ya ankara ya isa teburin, ya sa tafin hannu ya danna ƙararrawar, ya ƙara, ya ƙara. Mai sanarwa yana can yana duba takardunsa bai ga abin da ya faru ba, ya ji ƙara kawai, sai ya ce a lasifika lamba tara, wato Auta, ta fita daga gasa. Auta ta tsaya cak, idonta ya kawo ruwa. Malama ta taso a guje takalminta ɗaya ya cire, tana cewa ba a fitar da ita ba, ba alƙaliya ce ta kaɗa ba.

Dattijuwar ta janye ƙararrawar ta sa a cinyarta, ta jawo makirufo.

"Yarinya tana nan a gasa. Kai kuma, malam, ƙararrawa ta wanda ya yi kuskure ce. In an kaɗa wa yaro, ya fita ke nan."

Ɗakin ya fashe da dariya.

"A ƙasashen waje ba haka ake yi ba," in ji Darakta.

"Haka ake yi," in ji mai aski daga baya. "Tun ranar na gaya maka."

Ƙaton mutumin nan ya juyo yana kallonsa, yana naɗe hannun riga.

"Ka ƙara tashi daga kujerarka," in ji alƙaliya, "yarinyar ce za ta biya."

Darakta ya koma ya zauna. Ya ji idon Yaya a ƙeyarsa kamar an ɗora masa dutsen guga. Ya ga babu abin da zai wanke shi sai babban shirinsa, don haka da Auta ta tsallake zagaye na gaba, ya ɗaga hula. Mai aski da mai walda suka ja sanduna, ƙyalle ya buɗe daga bango zuwa bango da manyan jajayen haruffa.

Abin da yake nufi shi ne Auta ta ƙasa ce baki ɗaya, kowa nata. Abin da ya rubuta kuwa, yaran dandamali suka karanta shi da murya ɗaya, yadda aka koya musu a aji: "AUTA TA KASA."

"Ba ta kasa ba, malam," in ji alƙaliya. "Yanzu ta wuce."

"Ƙasa na rubuta. Ƙasa. Ta ƙasa baki ɗaya."

"Ina ƙugiyar?"

Darakta ya juya ya kalli ƙyallen. "Fenti ne ya ƙare."

Mai walda ya saki sandarsa ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai gadi ya zo ya kama Darakta ta gwiwar hannu cikin ladabi ya raka shi waje, ya rufe ƙofa.

Amma mai horarwa ba ya barin ɗalibarsa. Ya zagaya gefen ginin ya sami taga mai sandunan ƙarfe tana kallon dandamali. Ya leƙa, bai gani sosai ba. Ya cire hula, ya karkata kai, ya tura, ya murza, sai ga kansa a cikin ɗakin taro, sauran jikinsa a waje.

A ciki yara sun yi ta raguwa har saura biyu, Auta da wani yaro mai sanyin murya. Yaron ya yi tuntuɓe a kan tasa kalmar. Aka ce in Auta ta faɗi tata daidai, ta ci. Aka ba ta gurɓatacce. Ta ja numfashi, ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan taga: ga kan kawunta a tsakanin ƙarafa, tabarau a karkace, yana ɗaga mata gira yana motsa baki.

Dariya ta kama ta. Ta toshe baki, ta ƙi tsayawa. Kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Alƙaliya ta dubi agogo ta ce lokaci yana tafiya. Malama ta dafe kai.

Yaya ta bi idon 'yarta ta ga abin da ta gani. Ta tashi ba gaggawa, ta ɗauki ƙyallen nan daga ƙasa, ta je ta lulluɓe kan ƙanenta da shi, ta tsaya a gabansa ta harɗe hannu.

"Yaya, ba na gani."

"Shi ake so."

Auta ta share ido, ta haɗa hannu a baya, ta faɗi haruffan nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Alƙaliya ta cire tabarau ta ce, "Daidai." Ɗakin ya ɗauki tafi, Malama ta rungume mai sanarwa bisa kuskure.

"Wa ya ci?" in ji wata murya daga ƙarƙashin ƙyalle. "An kaɗa? Kada a kaɗa."

Da aka yaye masa ya ga Auta riƙe da kofi, ya yi yunƙurin zuwa a ɗauke su hoto tare. Ya ja kai baya, kunnuwa suka ce ba su san zancen ba. Ya karkata yadda ya shigo, ya ja, ƙarfe ya riƙe. Aka kawo sabulu. Aka kawo man shafawa. Ƙaton mutumin nan ya zagaya waje da kansa ya ce shi zai taimaka, ya kama ƙafafun Darakta ya ja da zuciya ɗaya, har sai da Yaya ta ce ya isa, ƙanenta ne duk da haka. Mai aski ya ce da ya yarda an yi masa tal-kwabo da tuni ya fita. Mai walda ya tafi ɗauko abin yankan ƙarfe, yana tafe yana tsayawa yana dariya.

Wata 'yar jarida da mai kyamararta suka tsayar da Auta a tsakiyar ɗaki. "Wa ya horar da ke?"

"Malamata."

"Da ni," in ji taga.

Kyamara ta juya. Iyaye da yara duk suka juya, wayoyi suka tashi sama. Darakta ya gyara fuska gwargwadon yadda ƙarfe ya bari.

"Ku ɗauko ni ta dama, nan ne hasken ya fi kyau."

Alƙaliya ta zo wucewa da jakarta, ta tsaya a gabansa tana dubansa ta saman tabarau.

"Malam mai horarwa, in ba ka kalma ɗaya kafin abokinka ya dawo?"

"Ko goma, Hajiya."

"Maƙale."

Darakta ya yi gyaran murya yadda ya ga yaran fim suna yi. "A saka mini ita a jimla."

"Kawu ya maƙale a taga," in ji Auta.

"Na gode. M." Ya dubi jama'a. "A."

Sai ya tsaya. Gumi da sabulu suka gangaro masa ta hanci. Auta ta ji tausayinsa, ta matsa bayan alƙaliya inda ba za a gan ta ba, ta ɗaga yatsa ɗaya ta lanƙwasa shi kamar ƙugiya, ta miƙe shi, ta sake lanƙwasawa.

Darakta ya ƙura mata ido, ya ɓata rai.

"Haba, Auta. Kina ganin halin da nake ciki, kuma kina ce mini in zo?"